Rasit Ɗin da Ya Koma Fari: Ina Na'urorin Buga Takardu Suka Dosa da Mu?

'Yan uwana mazauna Kurmi, na nan Sabon Badun da Shasha da Bodija, da na Agege da Idi-Araba a Ikko, da na Shagamu da Abekuta, har da waɗanda ke can gabas, ina yi mana fatan alheri baki ɗaya. Kwana biyu an ji ni shiru, hidimar kasuwa ce ta sha kaina, sai a yi haƙuri.

Yau ina so mu taɓa wani abu da yawancinmu ba mu ɗauke shi a bakin komai ba, wato na'urorin da ake buga takardu da su a ofis da shago: daga ina suka taso, ina kuma suka nufa. Na san wani zai ce, mu da muke fama da farashin wake da kuɗin mota, ina ruwanmu da firinta? To mai karatu, ka ɗan saurara, ni ma haka nake gani sai da abin ya zo har gidanmu. Ni dai ba injiniya ba ne, karatuna sakandare ne, amma bayan na gama na yi shekara uku ina yaron shago a wata bizines santa a Mokola, unguwar maɗaba'u da ke maƙwabtaka da mu. Abin da na gani a can da wanda na karanta ne zan kawo muku.

Abin da ya faru da Baba

Mahaifina ɗan kasuwa ne, wake da masara yake saro wa daga Dawanau yana sayarwa a nan. Yana da wani tsohon akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gado, wanda tun muna yara muka san ba a taɓa shi. A ciki yake ajiye takardunsa.

Bara mai rumfar da Baba yake haya ya rasu, mutumin kirki da suka yi fiye da shekara talatin tare ba a taɓa jin kansu ba. Da magada suka zauna rabon gado sai suka aiko cewa ba su ga shaidar Baba ya biya hayar shekarar ƙarshe ba. Ban ga laifinsu ba, su ma ba sa nan aka yi. Baba ya ce da ni, "Kai, jawo min akwatin nan." Na jawo. Ya fito da yarjejeniyar farko ta 1987, kwafin kabon ne na tafireta, takardar ta yi ja, gefenta ya cinye, amma kowane harafi yana nan raɗau, ga dangwalen Baba, ga sa hannun marigayi, ga na shaidu biyu. Ya fito da rasit-rasit na hannu na shekaru masu yawa, duk suna karantuwa. Sannan ya buɗe wata 'yar leda da ya adana rasit ɗin biya na ƙarshe, wanda aka tura ta wurin mai POS. Da ya warware shi sai ga takarda fara fat, kamar ba a taɓa rubuta komai a kanta ba. Wata takwas kacal.

Baba ya juya ta gaba da baya, ya ɗaga ta sama wajen haske, ya dube ni ya ce, "Wannan kuma wane irin sihiri ne?" Na ce, "Baba, ba sihiri ba ne, haka takardar take."

Muka je banki, amma ina! Kuɗin ba daga asusun Baba suka fita ba, tsaba ya ba mai POS, shi kuma ya tura daga nasa asusun. Sunan Baba bai fito ko'ina ba. Yaron POS ɗin ya tashi daga wurin, lambarsa ba ta shiga. A ƙarshe dattawa suka shiga tsakani, aka yi sulhu Baba ya sake biyan rabi. Kuɗin sun yi masa ciwo, amma abin da ya fi ƙona masa rai shi ne a ce yau shi ake tambaya shaida, ya kuma kasa kawowa.

Ka ga ke nan: takardar da ta haura shekara talatin ta tsaya masa, ta wata takwas ta gudu ta bar shi. Tun ranar nake ta tunanin wannan ci gaba da ake ta faɗi.

Daga tafireta aka faro

Iyayenmu da suka riski zamanin akawu sun san tafireta. Kamfanin Remington na Amurka ya fitar da tasa kasuwa a 1874, tafireta kuma ta yi fiye da shekara ɗari tana mulkin ofis. Aikinta ba shi da wani ɓoye-ɓoye: ka danna harafi, ƙarfe ya tashi ya bugi ribin mai tawada, ribin ya bugi takarda. In kana son kwafi biyu ko uku sai ka jera takardu da kabon a tsakani, ƙarfin bugun ya ratsa. Shi ya sa rubutunta ke daɗewa, domin tawada ce ta gaske aka dasa cikin jikin takarda. Baba ya ce a da in za ka rubuta wa hukuma wasiƙa, bakin gidan waya ko bakin kotu za ka je, ka tarar da mai tafireta a ƙarƙashin bishiya, ka faɗa masa da Hausa ko Yarbanci, shi kuma ya buga da Turanci. Abin da ya buga, shi ka faɗa, ko ka yarda ko ba ka yarda ba, tunda ba ka iya karantawa.

In kuma kwafi ɗari ake so, kamar takardar jarrabawa ko sanarwar taro, sai injin gurza. Wani mutumin Hangari mazaunin Landan mai suna David Gestetner ne ya fito da dabarar a 1881. Ana buga rubutun a kan sitensil, tafireta ta huda shi, a ɗaura a kan ganga mai tawada, a yi ta juya hannu takardu na fitowa. Duk wanda ya yi makaranta kafin shekarun 1990 ya san warin wannan tawada.

Fotokofi kuwa, wani Ba'amurke ne, Chester Carlson, ya yi gwajinta na farko a 1938 a birnin New York. Ya sha yawo da dabarar kamfanoni suna ƙi, sai a 1959 aka fito da injin Xerox 914, wanda ke kwafa a kan takarda ta yau da kullum. Nauyinsa ya kusa kilo 300, kuma saboda yakan yi zafi har takarda ta kama, da 'yar na'urar kashe gobara ake haɗa shi. Amma ya canza ofis gaba ɗaya, domin daga lokacin ba sai an sake buga takarda ba kafin a samu kwafinta.

Da kwamfuta ta shigo ofis sai aka samu firinta iri uku, kuma har gobe su ne a kasuwa.

Ta farko ita ce mai allurai, mai ƙarar nan kamar ana yaga atamfa. Allurai 9 ko 24 ne ke bugun ribin suna jera ɗige-ɗige su zama harafi. Jikar tafireta ce, shi ya sa ita kaɗai ke iya buga takarda mai kwafi biyu ko uku a bugu ɗaya, kuma shi ya sa har yanzu za ka gan ta a wasu bankuna da kamfanonin da ke rubuta takardar kaya.

Ta biyu ita ce ta leza. IBM ya fitar da tasa a 1976, Xerox a 1977, amma manya ne ƙwarai, sai manyan ma'aikatu. A 1984 HP ya fito da LaserJet wadda za ta zauna a kan tebur, tana buga shafi 8 a minti ɗaya, kuɗinta dala 3,495. Yadda take aiki shi ne: akwai wani dirom a ciki da ake caja da lantarki, hasken leza ya zana rubutun a kansa, garin tawada da muke kira tona ya manne a inda aka zana, ya koma kan takarda, sannan takardar ta bi ta cikin hita mai zafin da ya kusa digiri 200 ya narkar da garin ya kama. Shi ya sa takarda ke fitowa da ɗumi, shi ya sa kuma in ka kunna ta a ƙaramin janareto za ka ji ya yi nishi kamar zai mutu. Tona gari ne mai haɗe da roba, ruwa ba ya wanke shi.

Ta uku ita ce mai feshin tawada, wadda ta bazu a gidaje bayan HP ya fito da DeskJet a 1988. Ita ruwan tawada take fesawa ta wasu 'yan ƙofofi da suka fi gashi siranta. Tana ba da kala mai kyau, ba ta cin wuta, amma in ta kwana biyu ba a yi aiki da ita ba sai bakin ya toshe, kuma yawancin tawadarta in ruwa ya taɓa sai ta zube.

Daga baya aka haɗe firinta da fotokofi da sikana a inji ɗaya. Irinsu ne manyan injinan tokumbo da ke cike da Mokola da Shomolu da Computer Village na Ikeja, waɗanda ofisoshin Turai suka gama yayi suka sallamo mana.

Sai kuma autarsu, wadda ta fi kowace yawa a hannunmu yau ba tare da mun lura ba: 'yar firintar da ke cikin na'urar POS. Ita ba ta da tawada ko ɗigo. Takardar ce aka shafa wa wani sinadari da ke yin baƙi in zafi ya taɓa shi, kan na'urar kuma yana ɗan ƙona inda harafi zai fito. Ba ribin, ba katirij, ba toshewa, ga sauri ga araha. Amma sinadarin nan ba ya zama. Rana, zafin aljihu, gumi, man gyaɗa ko manja, duk suna cinye rubutun. In ma ka ce bari ka kai a yi maka lamineshin don ya daɗe, zafin injin zai mayar da takardar baƙa ƙirin gaba ɗaya. Na ga an yi haka a shagonmu, mai takardar kamar ya yi kuka. Tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023, lokacin da kowa ya koma tiransifa da POS dole, wannan takarda ce ta zama rasit ɗin talaka.

To mai karatu, ka lura da tafiyar? Kowane sabon inji ya fi na baya sauri da sauƙi da araha. Amma ba kowane ne ya fi na baya riƙon amana ba.

Ina aka dosa?

Tun a 1975 wata mujallar kasuwanci ta Amurka, Business Week, ta yi hasashen ofis ɗin da babu takarda a cikinsa. Aka yi shekaru ana dariyar maganar, domin kwamfuta ƙara yawan takarda ta yi, kowa ya samu abin bugawa a kusa. Amma yanzu maganar ta fara tabbata. Adobe ya fito da PDF a 1993, wayar salula ta fara bazuwa a Najeriya a 2001, daga baya ta zama kwamfutar aljihu. JAMB ta koma jarrabawar kwamfuta zalla a 2015. Takardar gayyatar aure, takardar kaya, sakamakon asibiti, duk ta WhatsApp suke yawo. A shekarata ta ƙarshe a shago, da wuya ka ga mai shigowa da filash, kowa cewa yake, "Ba ni lambarka in turo."

Su kansu masu ƙera injinan sun ga alama. HP ya saye sashen firinta na Samsung a 2017. Xerox ya sanar da sayen Lexmark a ƙarshen 2024. Epson ya bayyana a 2022 cewa zai daina sayar da firintar leza zuwa 2026, ya mayar da hankali kan mai feshin tawada saboda ba ta cin wuta. In ka ga manyan 'yan kasuwa suna haɗe rumfuna, ka san ciniki ya ja baya.

A ganina abu huɗu ne ke tafe. Na ɗaya, firinta mai tanki, wadda ake ɗura wa tawada daga kwalba maimakon sayen katirij. Epson ya fara fitar da ita a Indunusiya a 2010, bayan ya ga yadda masu gyara a can suke haɗa wa injinansa tanki da kansu. Ita ce ta dace da mu, domin ƙaramar sola ko inbata tana ɗaukarta. Na biyu, bugawa kai tsaye daga waya ba tare da kebul ko kwamfuta ba. Na uku, kulle mai saye: an daɗe ana sayar da inji da araha a ci riba a tawada, yanzu kuma wasu kamfanoni suna sa 'yar ƙwaƙwalwa a katirij don injin ya ƙi karɓar wanda ba nasu ba, wasu ma tawadar ta koma biyan wata-wata kamar kuɗin kallon tashar tauraron ɗan'adam. Na huɗu, injin ofis zai fi yin aikin ɗaukar hoton takarda ya tura cikin kwamfuta fiye da fitar da sabuwa.

A nan gida kuma akwai abin da ke ƙara tura mu. Gwamnati ta gina masana'antun takarda a Jebba da Oku Iboku da Iwopin, amma ba su riƙe ƙasar ba, farar takardar A4 da muke amfani da ita galibi daga waje take zuwa: Double A daga Tailan, Chamex daga Burazil, da sauransu. Da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu 2023, naira kuma ta faɗi, sai rim ɗin takarda mai shafi 500 da tona da man janareto duk suka tashi lokaci guda. Ogana na Mokola yakan ce, da can fotokofi ce ke ciyar da shago, yanzu shago ne ke ciyar da fotokofi. Wato mu ba wayewa kaɗai ke raba mu da takarda ba, har da tsada.

Me ya sa abin ya fi shafar mu?

Ga inda nake so 'yan uwana su tsaya su yi tunani. Ɗan gari in takardarsa ta ɓata, yana da dangi, yana da baale da mogajin gidansu, yana da tsofaffin unguwa da za su ce mun san kakansa, nan ne iyakar filinsu. Mu fa? An kafa Sabon Badun tun 1916, da yawanmu nan aka haife mu, nan aka haifi iyayenmu, Yarbanci a bakinmu kamar Hausa, muna zaune lafiya da maƙwabtanmu. Amma duk da haka ranar da magana ta tashi a kan rumfa, ko fili, ko bashi, ko shigar yaro makaranta, tambayar farko ita ce: ina takardarka? Hausawa sun ce, in gani a ƙasa, wai an ce da kare ana biki a gidansu. Baƙo ba shi da dangin da ya wuce takardarsa.

Kuma mu mutane ne masu ciniki da baki. "Na yarda da kai" ta fi sa hannu daraja a wurin iyayenmu, kuma wannan hali ne mai kyau, shi ya riƙe fataucin goro da shanu tsakanin Arewa da Kurmi shekara da shekaru. Sai dai amanar baki tana mutuwa tare da masu ita. Baba da mai rumfarsa ba su taɓa buƙatar rasit ba, magada ne suka buƙata. Malamai ma suna tuna mana cewa ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, a cikin Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take magana. To in an ce a rubuta, ai ana nufin rubutun da zai kai ranar biya.

Akwai abokina da muke yawan musu da shi, yana sayar da kayan waya. Shi cewa yake ni tsohon yayi ne, takarda ta mutu, komai nasa yana cikin waya. Yakan ce, "Lokacin rikicin kasuwar Shasha a Fabrairun 2021, da shaguna da gidaje suka ƙone, akwatin ƙarfen wa ya tsira? Wanda ya ɗauki hoton takardunsa a waya ai shi ya fita da su a aljihu." Gaskiya ya faɗa, ba zan ƙi ba. Wuta tana cin takarda, ruwan Badun yana jiƙa ta, gara da ɓera ba sa jin Turanci balle su bar yarjejeniya. Kuma doka ma ta karɓi shaidar kwamfuta: sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya yarda da ita a kotu, in an cika sharuɗɗan da ya gindaya.

Amma ni ma ina tambayarsa: wayoyi nawa ka canza cikin shekara biyar? Ina hotunan da ke cikin ta farko? Mutum nawa ne a cikinmu suka san kalmar sirrin imel ɗinsu, ba yaron da ya buɗe musu a shago ne kaɗai ya sani ba? An sace waya a tasha, ta faɗa ruwa, yaro ya goge, layi ya toshe, shi ke nan. Sannan hoton fuskar waya abu ne da yaro ɗan sakandare zai iya canza masa suna da adadi cikin minti biyar. Wane ɗan kasuwa ne a cikinmu bai ji labarin alat na bogi ba? Yanzu da manhajojin ƙirƙirarriyar basira suka zo, ƙirƙirar takardar ƙarya ya ƙara sauƙi. Ina ganin nan gaba takarda mai sa hannu da dangwale da shaidu masu rai daraja za ta ƙara, ko da yawan takardun da ake bugawa ya ragu.

Don haka ni ban ce a koma tafireta ba, ban kuma ce a jefar da waya ba. Cewa na yi kowace tana da ramin da take faɗawa, kuma ramukan ba ɗaya ba ne. Wuta ba ta cin abin da ke intanet, ɓarawon waya kuma ba ya ɗaukar akwatin ƙarƙashin gado. Mai hankali sai ya riƙe biyun.

Akwai ma wani alheri da sababbin injinan suka kawo mana wanda ba mu cin moriyarsa. Tafireta haruffan da aka ƙera ta da su kaɗai take bugawa, galibinsu babu ƙ, babu ɗ, babu ɓ. Firintar yau kuwa ɗige-ɗige take jerawa, ba ruwanta da wane harshe ne. Za ta buga maka Hausa da ƙugiyoyinta, ta buga Yarbanci da ɗigoginsa, ta buga ajami in kana so. Ke nan babu dalilin da zai sa dattijo ya dangwala hannu a kan Turancin da bai ji ba. Ana iya buga yarjejeniya da Turanci, a sa fassarar Hausa da ta Yarbanci a jikinta, kowa ya san abin da ya sa wa hannu.

Shawarata ga 'yan uwa

Na farko, rasit ɗin POS ba abin ajiya ba ne. In biyan mai muhimmanci ne, kamar haya, kuɗin makaranta, kuɗin kaya ko biyan bashi, ka ɗauki hotonsa nan take, ka kuma yi fotokofinsa a ranar. Kada ka kai shi lamineshin.

Na biyu, babban biya ka yi shi daga asusunka mai sunanka, ka rubuta dalilin biyan a wurin da aka tanada. In dole sai ta hannun mai POS, to wanda ka biya ya rubuta maka rasit na hannu da biro, ya sa hannu da kwanan wata. Littafin rasit mai kabon har yanzu ana sayar da shi, kuma bai kai kuɗin kwanon wake ba.

Na uku, takardar da kake so ta daɗe, ka ce a buga maka da injin leza, baƙi da fari. Mai kala ta feshin tawada ta fi kyau a ido, amma damina ɗaya ta ishe ta.

Na huɗu, mu matasa mu zauna da iyayenmu rana guda, a buɗe akwatunan nan, a ɗauki hoton kowace takarda, a adana a imel ko Google Drive, a kuma tura wa wani ɗan uwa amintacce a gida Arewa. Kalmar sirrin a rubuta ta a ajiye inda mutum biyu suka sani.

Na biyar, in ka tura takardar NIN ko ta banki zuwa wayar mai shago don a buga maka, ka tsaya a goge a gabanka, a wayar da kwamfutar duka. Na yi aikin, na san yadda takardun mutane ke taruwa a kwamfutar shago shekara da shekaru, duk wanda ya zauna zai iya buɗewa. Manyan injinan fotokofi ma da yawansu suna da ma'ajiya a ciki. Najeriya ta yi dokar kare bayanan jama'a a 2023, amma kafin doka ta zo maka, kai ka fara tsare kanka.

Na ƙarshe, ga 'yan uwana matasa masu neman abin yi. Mokola tana nan a bakin ƙofarmu, amma ka ƙirga yaranmu nawa ne suka iya buɗe firinta su canza dirom, ko su wanke bakin da ya toshe, ko su tsara takarda a kwamfuta? Kullum mu ne masu miƙa kuɗi. Na yarda fotokofi zalla ba ta da gaba. Amma wanda ya iya gyaran injin tanki, ya iya cike fom a intanet, ya iya tsara yarjejeniya da harshe uku, ya kuma iya adana wa dattawa takardunsu cikin amana, ba zai rasa abinci a unguwarmu ba. Dattijo zai fi sakin jiki ya faɗi sirrin cinikinsa ga yaron da ke jin harshensa. Ni dai na fara tara kuɗin ƙaramar firinta mai tanki da sola, in Allah Ya yarda a gefen rumfar Baba zan ajiye ta.

Shi kuwa Baba, ya mayar da farar takardar nan cikin ledarta ya ajiye a akwati tare da ta 1987. Na ce, "Baba, me za ka yi da ita, ai babu komai a jiki?" Ya ce, "Bar ta nan. Duk ranar da ƙannenka suka ce min komai yana cikin waya, ita zan nuna musu."

Allah Ya tsare mana dukiyarmu da mutuncinmu a inda muke neman abinci, Ya zaunar da mu lafiya da masu masaukinmu. Wanda ya ga kuskure a abin da na rubuta ya gyara min, ɗan'adam tara yake bai cika goma ba. Sai mun haɗu a rubutu na gaba.

Wassalam. Naku, daga Sabo, Badun.